Haruffa 30,000 da Suka Zaga Duniya: Wa Ke Buɗe Bayanan Kimiyya, Wa Ke Cin Moriyarsu?

Ranar 11 ga Janairun 2020, Farfesa Zhang Yongzhen yana zaune cikin jirgin sama a Shanghai ana shirin tashi, sai wayarsa ta yi ƙara. Abokin aikinsa ne, Edward Holmes na Jami'ar Sydney da ke Ostireliya, kuma magana ɗaya ce ta sa shi kira: yana neman izinin sakin abin da ɗakin gwaje-gwajen Zhang ya gano game da baƙuwar cutar da ke kwantar da mutane a Wuhan, wato korona. Tun ranar 5 ga watan Zhang da mutanensa suka gama karanta kundin gadon ƙwayar cutar daga farko har ƙarshe, amma hukumomin lafiya na ƙasar Sin sun riga sun hana kowa fitar da bayani a kan cutar sai da amincewarsu. Zhang ya ɗan yi shiru, sannan ya ce a saki. Awa ɗaya ba ta cika ba Holmes ya ɗora bayanin a wani shafin intanet mai suna virological.org, inda kowa zai iya saukewa kyauta. Washegari hukumomi suka rufe ɗakin gwajin Zhang da sunan za a yi masa gyara.

Mene ne ma wannan abu da aka saka? Kowace halitta, daga mutum har ƙwayar cutar da ido ba ya gani, tana ɗauke da rubutaccen umarni na yadda za a gina ta, kuma da haruffa huɗu kacal aka rubuta shi. Shi nake kira kundin gado. Na ɗan Adam ya kai haruffa biliyan 3, na ƙwayar korona kuwa bai wuce 30,000 ba. In aka zuba shi a kwamfuta, nauyinsa bai kai na hoton da ake turawa ta WhatsApp ba. Amma kwana biyu da fitarsa, ranar 13 ga Janairu, kamfanin Moderna da masu bincike na cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka sun riga sun tsara allurar rigakafinsu a kan kwamfuta, ba tare da ƙwayar cutar ta shiga hannunsu ba. A wannan ranar kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa hanyar gwajin cutar da masana a asibitin Charité na Berlin suka shirya. Ranar 16 ga Maris aka yi wa mutum na farko allurar gwaji a Seattle. Kwana 63 ke nan tsakani, a fagen da aka saba lissafi da shekaru.

Wannan labari shi ake yawan kafa hujja da shi in ana maganar alfanun buɗaɗɗiyar kimiyya, wato sakin bayanan bincike a fili don kowa ya gani ya yi amfani da su, kuma hujja ce mai ƙarfi. Sai dai ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙarshensa, wato ɗakin gwajin da aka rufe. Fasahar zamani ta sauƙaƙe raba ilimi ƙwarai da gaske. Abin da ba ta warware ba shi ne me zai sami wanda ya raba, kuma wa zai amfana da abin da aka raba. A kan wannan gaɓa ce Afirka ke da magana.

Ba yau aka fara ba. Shafukan yanar gizo da muke buɗewa kullum asalinsu buƙatar masu bincike ce ta haife su. Tim Berners-Lee ya gabatar da tsarin a 1989 a CERN, cibiyar binciken kimiyyar ƙwayar zarra da ke kusa da Geneva, saboda masana daga ƙasashe da dama su riƙa ganin takardun juna, kuma a Afrilun 1993 cibiyar ta sallama fasahar ga duniya kyauta. A 1991 Paul Ginsparg ya kafa rumbun arXiv, inda masana kimiyyar lissafi da na fiziya ke ajiye maƙalunsu tun kafin mujalla ta tace su. Sannan a 1996 jagororin aikin karanta kundin gadon ɗan Adam suka haɗu a tsibirin Bermuda suka yi wata ƙa'ida mai tsauri: duk abin da aka karanta a saka shi a rumbun jama'a cikin awa 24. Sun yi haka ne suna sane da cewa akwai kamfanonin da ke son mallake sassan kundin su sayar. Kwamfuta da intanet su ne hanya, amma shawarar a bi hanyar mutane ne suka zauna suka yanke ta.

Mu Hausawa mun san ɗaya ɓangaren. Mun san mai magani da ke riƙe laƙaninsa ba ya faɗa wa kowa har ƙasa ta rufe shi da shi, kuma mun san yadda malamanmu suka sha gargaɗi a kan ɓoye ilimi. Masanin kimiyya ma mutum ne, yana da nasa dalilin rowa. Ƙarin girma a jami'a, da kuɗin bincike, da suna, duk sun rataya ne a kan wa ya riga wallafawa a babbar mujalla. In ka saki ɗanyen bayaninka yau, wani mai manyan kwamfutoci da ma'aikata ashirin zai iya nazarinsa ya riga ka fita. Wanda bai fahimci wannan tsoro ba zai yi ta mamakin yadda mutanen kirki ke zaune a kan bayanan da za su ceci rai.

Annobar Ebola ta 2014 ta nuna fuskokin biyu a lokaci guda. Da cutar ta tsallako Saliyo daga Gini a watan Mayu, ma'aikatan asibitin gwamnati na Kenema, waɗanda dama sun daɗe suna aikin zazzaɓin Lassa, suka riƙa tattara jinin marasa lafiya suna aikawa wa abokan aikinsu a cibiyar Broad da ke Amurka, ƙarƙashin Pardis Sabeti. An karanta kundi 99 daga marasa lafiya 78, kuma ba a jira mujalla ba, aka riƙa zuba su a GenBank, rumbun kundayen gado da ke buɗe ga kowa a intanet, da zarar sun fito. Masana daga wurare daban-daban da ba su taɓa sanin juna ba suka shiga nazari suna aiko da abin da suka gani.

Amfanin irin wannan nazari yana buƙatar ɗan bayani. Duk sanda ƙwayar cuta ta hayayyafa, kwafar kundinta take yi, kuma jifa-jifa takan yi kuskuren harafi ɗaya, 'ya'yanta su gaji kuskuren. Kamar littafin da aka yi ta kwafa da hannu ne daga malami zuwa almajiri: in ka tarar da kwafi biyu, ɗaya a Katsina ɗaya a Agadas, da tuntuɓen alƙalami iri ɗaya a wuri ɗaya, ka san daga uwa ɗaya aka ɗauko su. Haka manhajar kwamfuta ke jera kundaye ta fitar da salsalar cuta, wa ya haifi wa, ta ina ta bi, yaushe ta rabu gida biyu. Amma salsala ba ta fitowa daga kundi ɗaya. Sai an tara na wurare da yawa a waje guda, shi ya sa rowar mutum ɗaya ke rage darajar aikin kowa. Kundayen Kenema sun nuna cewa sau ɗaya cutar ta tsallako daga dabba zuwa mutum, daga nan mutum ne ke ba mutum. Ma'ana, ƙarfin yaƙin a mayar da shi kan jinya da jana'iza da bin sawun waɗanda suka yi cuɗanya da mara lafiya.

Kafin maƙalar ta fito a mujallar Science a ƙarshen Agustan 2014, biyar daga cikin marubutanta sun rasu da cutar da suke nazari, ciki har da Dokta Sheik Humarr Khan, likitan da ke jagorantar yaƙin a Kenema. Ina so a riƙe wannan, domin in ana cewa "bayanai" sai a ɗauka wani abu ne da ke faɗowa daga sama. Jinin mutane ne, kuma wasu mutane ne suka sa hannu suka ɗebo shi. Duk da haka, bayan wannan sakin na farko, sai da aka yi kusan wata uku babu wani sabon kundin Ebola da ya shiga rumbun jama'a, alhali annobar tana kan ganiyarta kuma akwai ɗakunan gwajin da ke riƙe da samfura. Rumbun yana nan a buɗe, intanet tana aiki. Masu zubawa ne suka noƙe. Annobar ta ci rayuka sama da 11,000.

Wani abu kuma ya canja a 2015, wanda a ganina ya fi muhimmanci ga nahiyarmu. Wasu masu bincike daga Jami'ar Birmingham suka shiga Gini da wata 'yar na'urar karanta kundi mai suna MinION, wadda ba ta fi ƙaramar wayar hannu girma ba, ana jona ta da kwamfutar tafi-da-gidanka. Ɗakin gwajin gaba ɗaya cikin akwatunan tafiya ya zo. Maimakon a ɗauki jini a kai Turai a jira makonni, sai ga sakamako cikin kwana ɗaya ko biyu a inda cutar take. Da na'ura ta ƙanƙance, kuma manhajojin nazari suka zama kyauta ga mai so, sai tambayar ta koma: me zai hana 'yan ƙasa su yi da kansu?

A Najeriya amsar ta fito daga garin Ede na jihar Osun, inda Farfesa Christian Happi ke jagorantar ACEGID, cibiyar nazarin kundin gadon ƙwayoyin cuta, a Jami'ar Redeemer's. Cibiyar tana cikin waɗanda suka tabbatar da Ebola a jikin Patrick Sawyer, mutumin da ya shigo da cutar Najeriya daga Laberiya, bayan ya sauka Legas a Yulin 2014. A farkon 2018 kuma zazzaɓin Lassa ya yi tashin da ba a saba gani ba, hankali ya tashi, aka fara tunanin ko wani sabon nau'i ne ya ɓullo mai saurin bi daga mutum zuwa mutum. Wannan cuta tamu ce ta gida, sunanta ma daga garin Lassa na jihar Borno aka samo shi, inda aka fara gano ta a 1969, kuma Bauchi da Taraba suna cikin jihohin da take yi wa ɓarna duk rani. Masu bincike a Ede da asibitin koyarwa na Irrua a jihar Edo, tare da abokan aikinsu na waje, suka karanta kundayen samfuran marasa lafiya suka miƙa wa NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, sakamakon tun annobar tana ci, suka kuma saka shi a intanet. Babu sabon nau'i. Kundayen sun bambanta da juna sosai, alamar cewa yawancin masu cutar kowa daga ɓera ya ɗauko tasa. Wannan ya kwantar da hankali, ya kuma nuna inda za a sa ƙarfi: rumbun hatsi, da abincin da ake shanyawa a ƙasa, da tsaftar gida, da kariyar ma'aikatan asibiti. Da aka tabbatar da korona a Legas a jikin wani ɗan Italiya ranar 27 ga Fabrairun 2020, wannan cibiya da abokan aikinta na Legas ne suka fitar da kundin ƙwayar na farko daga nahiyar Afirka cikin 'yan kwanaki, a shafin nan da Holmes ya yi amfani da shi.

A zamanin korona haɗin gwiwar ya kai matakin da ba a taɓa gani ba. GISAID, wani rumbun intanet da masu bincike ke zuba kundayen ƙwayoyin cuta, ya tara kundayen ƙwayar sama da miliyan 15. Shafin Nextstrain, wanda Trevor Bedford da Richard Neher suka gina da buɗaɗɗiyar manhaja, yana zana salsalar cutar a kan taswirar duniya kowa na kallo. Hatta raɗa wa sababbin rassan ƙwayar suna a fili ake yinsa a GitHub, dandalin masu haɗa manhaja, inda duk mai ido zai iya kawo shawara, kuma wasu daga cikin waɗanda suka fi ƙwarewa wajen hango sabon reshe ba ma'aikatan wata jami'a ba ne.

To amma buɗe ƙofa ba ya zaɓar mai shigowa, kuma wannan ƙorafi ne da ya kamata a saurara. A ƙarshen Janairun 2020 wata maƙala da ba a tace ba ta fito a bioRxiv, rumbu irin arXiv na masu nazarin halittu, tana nuna wai akwai sassan ƙwayar HIV a jikin korona. Cikin kwana biyu masana suka yi mata ca a fili, suka nuna kuskuren, marubutan suka janye ta. Sai dai ta riga ta shiga kafafen sada zumunta, kuma har yau akwai masu yawo da ita. Magana zarar bunu ce. A ɗaya hannun, ta irin wannan hanya ce sakamakon gwajin RECOVERY na Birtaniya ya iso ga likitocin duniya a Yunin 2020, cewa dexamethasone, tsohon magani mai araha da ake samu a kowane kemis, yana rage mutuwar waɗanda ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Da an jira mujalla, da an yi asarar makonni.

Abin lura shi ne, babbar badaƙalar wannan lokaci ba daga ɗanyun maƙalu ta fito ba. Daga The Lancet ta fito, ɗaya daga cikin mujallun likitanci mafiya daraja a duniya. Ranar 22 ga Mayun 2020 ta wallafa wani nazari da ya ce ya duba marasa lafiya sama da 96,000 a asibitoci 671, ya gano cewa hydroxychloroquine, maganin zazzaɓin cizon sauro da ake gwadawa a kan korona, yana ƙara haɗarin mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da gwajin maganin nan take. Sai masu karatu a sassan duniya suka fara lissafi. Adadin mamatan da aka jingina wa Ostireliya ya zarce abin da gwamnatin ƙasar ta sanar a lokacin. Masu aiki a Afirka suka tambaya: waɗanne asibitoci ne a nahiyar nan ke da irin wannan cikakken rikodi na kwamfuta a kan dubban masu korona? Masana sama da 100 suka sa hannu a buɗaɗɗiyar wasiƙa suna neman a nuna ɗanyen bayanin. Kamfanin Surgisphere da ya ce shi ke da bayanan ya ƙi buɗewa, kuma ranar 4 ga Yuni aka janye maƙalar. Masu tacewar mujalla mutum biyu ne ko uku, kuma abin da aka rubuta suke gani, ba abin da aka rubuta daga gare shi ba. Idon jama'a ne ya kama wannan, mai ɗaki kuma shi ya san inda yake masa yoyo.

Duk mutumin Kano da ya kai wasu shekaru zai ji wannan batu a jikinsa. A lokacin annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200 a Kano, 11 suka rasu, wasu daga rukunin da aka ba sabon maganin wasu daga rukunin da aka ba tsohon. Duniya ba ta san cikakken labarin ba sai da jaridar Washington Post ta tono shi a ƙarshen 2000. Kamfanin ya musanta aikata ba daidai ba, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin jihar Kano a kan dala miliyan 75. Rashin yardar da wannan ya shuka yana cikin abin da ya ƙara wa ƙin allurar shan inna ƙarfi a 2003. A wancan zamani babu wani rajista da uba ko ɗan jarida ko likitan gari zai buɗe ya ga wane gwaji ake yi, wa ya ba da izini, me ake nema. Yau akwai. Amurka ta buɗe ClinicalTrials.gov a 2000, daga 2005 manyan mujallun likitanci suka daina karɓar gwajin da ba a yi wa rajista tun kafin a fara ba, Afirka ma tana da nata rajistar mai suna PACTR. Rajista ba ta hana zalunci, amma tana sa ɓoye shi ya yi wuya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. A Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji a jihar Kaduna, karo na farko a Afirka. A wannan shekara ƙasar da cutar ta fi kashe wa mutane ita ce Indonesiya, kuma tana aika samfuranta ga cibiyoyin Hukumar Lafiya ta Duniya kamar yadda aka saba. Sai ta gano cewa wani kamfani a Ostireliya ya yi rigakafi da nau'in da aka ɗauko daga ƙasarta, rigakafin da talakawanta ba za su iya saya ba. A farkon 2007 ministar lafiyarta, Siti Fadilah Supari, ta tsaya kai da fata cewa an daina aikawa. An zarge ta da jefa duniya cikin haɗari, kuma haɗarin gaskiya ne. Amma tambayarta ma gaskiya ce: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, har yaushe?

Daga wannan rikici GISAID ya samu gindin zama a 2008. Bambancinsa da GenBank shi ne ba a shiga sai an yi rajista da suna, an kuma amince da sharaɗin ambaton waɗanda suka kawo bayanin da neman haɗa kai da su. Wasu masana a Turai da Amurka suna ganin wannan rabin buɗewa ne, suna kuma sukar yadda masu tafiyar da rumbun ke iya toshe wa mutum hanya ba tare da gamsasshen bayani ba. Sukar tana da tushe. Sai dai masu bincike da yawa a ƙasashe masu tasowa sun fi sakin jiki da shi, domin sun gaji da ganin gumin su ya zama maƙalar wani ba ko ambato. Ni a nan ina tare da su. Buɗewar da ba ta da sharaɗi tsakanin mai ƙarfi da mara ƙarfi, mai ƙarfi take yi wa aiki. A 2011 kuma ƙasashe suka amince da wani tsari na musamman kan murar annoba, wanda ya wajabta wa kamfanonin da ke amfana da samfura su ba da gudummawar kuɗi su kuma ware wani kaso na rigakafi.

Tsarin bai shafi korona ba, kuma an ga sakamakon. A Nuwamban 2021 Sikhulile Moyo da abokan aikinsa a Botswana suka ga wani kundi mai sauye-sauye masu yawan gaske, suka saka shi a GISAID. Takwarorinsu na Afirka ta Kudu, ciki har da Tulio de Oliveira, suka ga irinsa, suka sanar da duniya ranar 25 ga watan. Washegari Hukumar Lafiya ta Duniya ta raɗa masa suna Omicron. Sun yi daidai abin da ake roƙon kowa ya yi, cikin gaggawa da gaskiya. Tukuicin da suka samu shi ne rufe musu hanyoyin jiragen sama. Birtaniya ta fara, Tarayyar Turai da Amurka suka bi, daga baya Birtaniya ta ƙara da Najeriya a farkon Disamba. Ba a jima ba aka gano cewa nau'in yana cikin samfuran da aka ɗauka a Holan tun kafin sanarwar. De Oliveira ya koka cewa hana jiragen ya sa sinadaran da ɗakin gwajinsa ke buƙata don ci gaba da sa ido sun kusa yankewa. A wannan lokaci waɗanda aka yi wa cikakkiyar allura a Afirka ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, alhali ƙasashe masu arziki sun shiga zagaye na uku. Duk ministan lafiyar da ya kalli wannan ya koyi darasi, kuma ina tsoron darasin da ya koya shi ne a gaba ya yi shiru.

Akwai kuma shingen da ba ya fitowa a labarai. An yi shekaru ana kukan cewa mujallu suna kulle bincike sai mai kuɗin rajista, malami a Zariya ko Maraɗi ya ga kan maƙala ya kasa karanta cikinta. Da aka matsa, manyan mawallafa suka juya lissafin: karatu kyauta, amma marubuci ya biya. A 2021 mujallar Nature ta sa Yuro 9,500 a kan maƙala ɗaya ga mai son a buɗe tasa. Ana yin rangwame ga wasu ƙasashe, amma duk wanda ya san albashin malamin jami'a a Najeriya ya san me wannan adadi ke nufi. Da an hana mu karatu, yanzu ana neman hana mu magana. Shi ya sa nake ganin darajar rumbuna irin su AJOL, wanda tun 1998 yake tattara mujallun Afirka a intanet, da ɗaruruwa a cikinsa, har da na jami'o'in arewacin Najeriya. Sannan ga wuta, ga tsadar data, ga sinadaran da sai an yi odarsu da dala su kwana a tashar jirgi. Na'urar karanta kundi ba ta aiki da kyakkyawar niyya. Africa CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Tarayyar Afirka, ta ƙaddamar da shirin bunƙasa wannan fanni a 2020, kuma ƙasashen nahiyar da ke iya karanta kundi a gida sun ƙaru sosai, amma akasarin kuɗin daga waje yake zuwa, kuma abin da aka ba ka da hannu ana iya janye shi da hannu.

A Nuwamban 2021, watan da aka rufe wa kudancin Afirka hanya, ƙasashe 193 suka amince da shawarwarin UNESCO kan buɗaɗɗiyar kimiyya. Ranar 20 ga Mayun 2025 kuma babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da yarjejeniyar annoba bayan fiye da shekara uku ana ja-in-ja. A ciki an sa burin cewa kamfanonin da suka shiga tsarin za su ware kashi 20 cikin 100 na rigakafi da magunguna da kayan gwajin da suke sarrafawa lokacin annoba, aƙalla rabin wannan kaso kyauta, sauran a farashi mai sauƙi. Amma sashen da zai fayyace yadda za a ƙulla ba da samfura da kundaye da samun wannan moriya, wato ainihin tambayar Indonesiya, shi aka ɗage zuwa wata tattaunawar. Amurka kuma ba ta cikin zaman, domin ta sanar da ficewarta daga hukumar a Janairun 2025.

Zazzaɓin Lassa ne zai gwada mana wannan a gida. Fiye da shekara 50 da gano shi babu rigakafin da aka amince da shi. A 2024 aka fara mataki na biyu na gwajin wata allura a Abuja, wadda IAVI, ƙungiyar binciken rigakafi, ta samar da tallafin CEPI, ƙawancen da ke ba da kuɗin samar da rigakafin annoba. Kundayen da ake dogara da su wajen sanin nau'o'in ƙwayar da allurar za ta tunkara, da yawansu daga jinin marasa lafiya na Irrua da Owo da Kenema aka karanta su, aka saka a rumbunan da kowa ke shiga. Masu miƙa hannu a yi musu allurar gwajin ma 'yan Afirka ta Yamma ne. In ta yi nasara, sai a duba farashinta, da inda za a sarrafa ta, da ko za ta isa asibitin karkara a Bauchi kafin rani ya shigo.